Baƙin Allo, Koren Rubutu

Mijina sunansa biyu ne. Na farko shi ya raɗa wa kansa, Injiniya, har ya rubuta shi da jan fenti a saman rumfarsa ta gyaran waya. Na biyu kuwa 'yan layinmu ne suka liƙa masa, Minti Biyar, saboda duk abin da ya lalace a duniyar nan, daga fanka har zaman auren mutane, in aka kawo gabansa zai dube shi a karkace ya ce, "Wannan? Aikin minti biyar ne." Agogon bangonmu shekara biyu ke nan da shiga minti biyar ɗinsa, yana nan cikin kwali a ƙarƙashin gado, allura daban, ciki daban. Ina son mijina, Allah ya sani, amma da ana sa wa baki zif da tuni na kai shi wurin tela.

Ranar Talata da yamma Babana ya biyo gidanmu daga wurin aiki. Tun daga sallamarsa na san ba lafiya. Na kawo masa shayi, ya riƙe kofin har ya huce bai kurɓa ba.

Shekara ashirin da biyu Baba ya yi a kan tebur ɗaya, a wani babban shagon kayan gyaran mota. Bakanike zai zo ya faɗi abin da yake nema, yatsun Baba su yi ƙas-ƙas-ƙas a kan tsohuwar kwamfuta mai baƙin allo da koren rubutu, 'yar takarda ta fito daga firinta ɗauke da lambar layi da ta kantar da kayan yake, a miƙa wa Dogo ko Ƙato, masu ɗauko kaya, su shiga ciki su ɗauko. Ba hoto a kwamfutar nan, ba maus, rubutu ne zalla. Wata biyu da suka wuce ta yi hayaƙi ta mutu. 'Yar mai shagon, wadda yanzu ita ce Manaja, ta kawo sabuwa mai hotuna kala-kala, ta kuma kafa ƙatuwar talabijin a bango domin masu ɗauko kaya su riƙa karantawa daga nan, a daina ɓarnar takarda. Tun daga ranar Baba ya koma kamar sabon shiga. Layin kanikawa kullum sai ya fita har bakin titi.

"Ta ba ni zuwa Litinin," in ji Baba. "Ta ce in layi ya sake kaiwa ƙofa, sai dai in je gida in huta. Cikin ladabi ta faɗa, ba ta da laifi. Amma Uwata, in na zauna a gida me zan yi? In ƙirga ƙudaje?"

Uwata yake kirana, kuma in ya faɗa da irin wannan murya na san abin ya dame shi ƙwarai.

Na ce, "To Baba, mene ne wahalar sabuwar?"

Ya ajiye kofin. "Ni dai da za a dawo min da tsohon allona."

A nan ne mijina, wanda tun ɗazu yake jujjuyawa a kujera kamar mai jin fitsari, ya buga ƙirji.

"Baba, shi ke nan matsalar? Ai da tuni ka yi magana! Sabuwar manhaja za ta zauna a inda take, ni kuma in ɗinka mata tsohuwar riga. Baƙin allo, koren rubutu, harafi tamanin a kowane layi, layi ashirin da biyar daga sama zuwa ƙasa. In ka zauna gabanta sai ka rantse tsohuwar ce ta tashi daga kabari. Aikin minti biyar ne."

Na taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafar ya ci gaba.

Washegari na bi shi shagon, don na san halin kayana. Manaja ta saurare shi tana juya biro a hannu. Ta ce ta yarda, muddin ba zai taɓa mata jerin kaya ba. Baba kuwa ya jawo kujera ya ce, "Injiniya, zauna in gaya maka yadda take. In na danna maɓalli na biyu a sama, nema ke nan. In buga lamba, in danna babban nan na dama. In kayan akwai, ta yi ƙara sau ɗaya, in babu, sau biyu. In na danna na ƙarshe, an gama, na gaba."

"Wannan ai wasan yara ne, Baba," in ji mijina, yana bugawa yana hamma. Na duba agogon wayata, kuma ga abin mamaki, a karo na farko tunda na aure shi, minti biyar ɗin ya yi. Ko kallon abin da ya yi bai sake yi ba. "Wannan shara ce. Ainihin aikin yana ga kamanni. Ina gawar tsohuwar?"

Ƙato ya fito da ita daga ɗakin ajiya, mai ƙatuwar ƙeya, duk ƙura. Muka ɗora ta a bayan babur. Ni na riƙe ta a cinya har gida, kamar mai rakiyar mara lafiya.

Ranar Alhamis rumfar gyaran waya ba ta buɗe ba. Injiniya ya baje a barandarmu da kwamfutarsa ta hannu yana neman kore. Ashe kore ba ɗaya ba ne. Ya yi wani ya ce ya cika haske, ya yi wani ya ce ya yi kama da ruwan kwata. Kafin azahar maƙwabcinmu Tela ya leƙo, ya tambayi abin da ake yi, ya koma shagonsa ya dawo da ƙyallaye goma sha ɗaya.

"Kore sana'ata ce," in ji Tela, yana kara su ɗaya bayan ɗaya a jikin allo. "Wannan naka koren ganye ne. Kwamfutocin da, koren kwalba ne."

"Ka taɓa ganin kwamfutar da?"

"Na taɓa ganin kwalba."

"To ni injiniya ne."

"Ni kuma na ɗinka maka wandon da kake injiniyancin a ciki."

Suna cikin haka Mai Aski na bakin layi ya iso da tawul a kafaɗa, ya bar wani mutum da rabin kai a shago. Ya ce shi ya taɓa ganin irinta a tashar jirgin ƙasa yana yaro, kuma rubutun ruwan lemo ne, ba kore ba. Suka haɗu su biyu suka taso masa. Sai da mai rabin kan ya biyo sahu yana zage-zage sannan taron ya watse.

Da yamma Baba ya biyo. Mijina ya juya masa allon da koren Tela.

"Baba, ya ka gani?"

"Ya yi."

Ya canza zuwa nasa koren. "Wannan fa?"

"Ya yi."

"Wanne ya fi?"

"Duk sun yi, Allah ya yi albarka. Maɓallan nan dai suna nan yadda na gaya maka ko?"

"Baba, bar zancen maɓalli, ana maganar kore."

Na ɗauka kunyar suruki ce ta hana Baba zaɓe. Mutum ne da ko gishiri ya yi yawa a abinci ba zai faɗa a gidan 'yarsa ba.

Ranar Juma'a abin ya ƙara gaba. Injiniya ya shafa fuskar tsohuwar kwamfuta ya gano gilashinta a kumbure yake kamar tumbi, ita kuwa sabuwar shafal take. Ya ce wannan ba zai yiwu ba. Ya lanƙwasa hoton ta yadda tsakiya ta turo gaba, gefe da gefe suka tanƙware, layin ƙasa ya zame rabinsa ya shige can cikin kusurwa. Ya zana siraran baƙaƙen layuka a kwance daga sama har ƙasa, wai haka na da suke. Ya sa kowane harafi ya riƙa fitar da ɗan hazo a gefensa. Daga ƙarshe ya sa allon gaba ɗaya yana ɗan ƙyaftawa.

Na ce, "Maigida, wannan duk cututtukan tsohuwar ne fa kake kwafowa."

"Ke ba ki san fasaha ba. Kowa zai iya yin sabon abu. Gwani shi ne mai yin tsohon abu da gangan."

Mai Aski ya zo ya ƙura wa allon ido na minti biyu, ya miƙe zai tafi, ya yi karo da ginshiƙin baranda. Ya zauna a ƙasa dafe da goshi yana cewa layin namu ne yake juyawa.

"Ka gani?" in ji mijina cike da murna. "Alamar ya yi daidai ke nan. Mutanen da ai da ciwon kai suke tashi daga aiki."

Ranar Asabar ya kalli wani bidiyo ya ga ashe tsofaffin kwamfutoci ba sa zubo rubutu lokaci ɗaya, harafi-harafi suke fitarwa. Nan take ya rage wa tasa gudu. Sai ka danna, ka je ka sha ruwa, ka dawo ka tarar tana tsakiyar kalma. Na yi magana, ya ce wannan shi ake kira natsuwa.

A ranar ce kuma ya yi babban gano. Yana goge fuskar gawar da tsumma, rana ta haska ta a karkace, sai ya ƙwala ihu har na saki ludayi a kicin. Na fito da gudu na tarar da shi a durƙushe gabanta. A tsakiyar gilashin, duk da kwamfutar a mace take, akwai wani rubutu dishi-dishi kamar tabon ƙuna:

0001 HON NA BABBAR MOTA, LAYI 1, KANTA 1

Hon na babbar mota shi ne kaya na farko a jerin shagon. Duk lokacin da ba a aiki, tsohuwar kwamfuta a kansa take tsayawa. Shekara ashirin da biyu tana nuna layi ɗaya a wuri ɗaya, har ya ƙone ya zauna a gilashin.

"Kin ga wannan?" in ji shi. "Wannan shi ne hatimi. Duk wanda zai kwaikwayi tsohon allo zai yi kore, zai yi baƙi. Amma tabo? Ni kaɗai ne a duniya zan yi tabo."

Ya kwafe shi tsaf, ya dasa a tsakiyar nasa allon, dishi-dishi kamar na asali. Ya kira Tela da Mai Aski su shaida.

"Ina tabon?" in ji Mai Aski, yana kallo da ido ɗaya don gudun jiri.

"Ga shi nan!"

"Ni ban ga komai ba."

"In ka yi ado ba a gani ba, ai ka yi asarar zare," in ji Tela. "Ƙara masa haske."

Ya ƙara. Tela ya ce saura kaɗan. Ya ƙara. Mai Aski ya ce yanzu ya fara hango wani abu. Ya ƙara. Kafin su gamsu, tabon ya fi rubutun gaskiya haske nesa ba kusa ba.

Ranar Lahadi Baba ya zo gwajin ƙarshe. Mijina ya zaunar da shi, ya tsaya yana dogon bayani a kan hazo da lanƙwasa, har kwamfutar ta gaji da jira ta yi barci, allon ya ɗauke ɗif. Shi bai lura ba, yana kallon sama yana zuba.

"To Baba, ya ka ga aikin?"

Baba ya dubi baƙin allon da babu ko ɗigo a kansa ya gyaɗa kai. "Ya yi kyau ƙwarai."

Na buɗe baki zan yi magana, sai mijina ya taɓa maɓalli allon ya dawo, maganar ta bi iska. Amma abin ya tsaya min a rai.

Litinin ta zo. Injiniya ya sa kwat ɗin da ya yi aure da ita, wadda yanzu maɓallinta ba ya haɗuwa, ya rataya wani kati a wuya da ya buga da kansa. Ya gayyaci Tela da Mai Aski, suka rufe shagunansu suka biyo mu. Muka tarar da kanikawa sun fara taruwa. Ya haɗa aikinsa da kwamfutar Baba da talabijin ɗin bango, ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, ko a ƙasashen waje..."

"Malam, mota na bari a kan jak," in ji wani bakanike mai furfura.

Manaja ta kira Dogo da Ƙato ta ja musu kunne. "Abin da talabijin ta nuna shi za ku ɗauko. Ban son gardama, ban son a ce na ɗauka. Kun ji?" Suka ce sun ji. Ta dubi ƙofa, ta dubi Baba, ta shige ofishinta don amsa waya.

Talabijin ta kawo. A kwamfutar hannu abin da sauƙi, amma a ƙaton allon bango sai ya zama wani abu daban. Koren ya haske shagon har fuskokin kanikawa suka koma kamar marasa lafiya. Tela ya dafe ƙirji ya ce, "Koren kwalba!" A tsakiya kuwa, da haruffa kowanne kamar tafin hannu, tabon mijina ne yake walƙiya.

"Takalmin birki na gaba, ƙaramar mota," in ji mai furfura.

Yatsun Baba suka sauka a kan maɓallai. Ƙas-ƙas-ƙas, ƙara ɗaya, ƙas. "Akwai. Na gaba!" Wata biyu rabon da in ji wannan muryar tasa.

Amsar gaskiya ta fara fitowa a layin ƙasa, harafi-harafi cikin natsuwa, rabinta a cikin lanƙwasa. Dogo bai jira ta ba. Ya ɗaga kai ya karanta abin da ya fi haske, ya ruga ciki, ya dawo ya dire wa mai furfura hon na babbar mota, mai baki kamar kakaki.

"Mene ne wannan?"

"Abin da talabijin ta ce."

"Birki na ce!"

"Birki na buga," in ji Baba, bai ko ɗago ba. "Na gaba!"

Mijina ya matso yana gyara kwat. "Malam, kwamfuta ba ta kuskure. Wataƙila ta hango motar taka hon ta fi buƙata."

"Birkinta ne ba ya ci!"

"To ka gani? In birki ba ya ci, me zai ceci mutanen da ke gaba in ba hon ba?"

Kafin mai furfura ya sami abin faɗa, na biyu ya nemi fulogi, Ƙato ya kawo masa hon. Na uku ya nemi fambel, hon. Wata mata da ta zo sayen madubin gefe ta tsinci kanta rungume da hon. Baba kuwa gudu yake kamar an sake shi daga ɗauri, yana kara kunne kusa da kwamfuta don jin ƙara, yana kiran na gaba. Dogo da Ƙato suna ta safa da marwa tsakanin layi na ɗaya da tebur, gumi na zuba, ba wanda ya sami sararin tunani.

"Kai Ƙato, ba ka da hankali ne?" in ji wani. "Salansa na ce!"

"Ni an ce ban da gardama," in ji Ƙato, ya ajiye masa nasa.

Na ja hannun kwat ɗin mijina. "Tabonka ne! Tabon suke karantawa! Kashe shi!"

"In kashe hatimin? Bari dai in ƙara wa sauran haske."

Ya danna wani abu. Tabon ya ƙara haske. Ya sake dannawa, ƙyaftawar ta ƙaru har shagon ya koma kamar ana walƙiya. Dogo ya ɗaga kai zai karanta, ya yi taga-taga, ya faɗa cikin tarin tayoyi, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Mai Aski ya rufe fuska da tawul yana salati.

Mai furfura ya gaji da kiran Manaja ba a ji ba. Akwai batir a gefen tebur wanda ake gwada fitilu da shi. Ya jawo wayoyin hon ɗinsa ya ɗora a kai.

Ban taɓa sanin hon na babbar mota a cikin ɗaki haka yake ba. Na ji shi har cikin haƙorana. Tela ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin benci. Sauran kanikawa suka ga dabara ta yi, suka yi layi a kan batir, kowa yana gwada nasa, wasu don fushi, wasu don daɗi. A waje masu motoci suka ɗauka wata babbar mota ce ta ƙwace, suka dinga tsayawa suna danna nasu. Masu shagunan kusa suka cika ƙofa suna leƙe.

"Yau kasuwar hon ta buɗe," in ji Baba da ƙarfi, yana murmushi. "Na gaba!"

Manaja ta fito da waya a hannu. Ta dubi hon goma sha tara a kan tebur, ta dubi ƙafafun Dogo, ta dubi talabijin, ta dubi mijina. Shi kuma ya fara, "Ranki ya daɗe, abin da ya faru shi ne, a fannin fasaha..." Ta wuce shi. Ta taka zuwa bango ta fizge wayar da ta haɗa talabijin da allon teburin Baba. Duka biyun suka mutu. Ta ɗaga hannu, masu hon suka saki batir.

Shagon ya yi tsit. Layi ya wuce ƙofa, ya kai titi, ya karya kwana. Na dubi Baba, na ji hawaye na taruwa. Shi ke nan, mijina ya ƙarasa shi.

Sai muka ji wani ɗan sauti daga ƙarƙashin tebur, zzzt, zzzt. Manaja ta sunkuya. Tsohuwar firinta ce, wadda aka tura can tun da aka daina takarda, ba a taɓa cire wayarta ba. Maɓallin ƙarshe da Baba ya sa mijina ya dawo masa da shi, shi ne mai buga takarda. Tun safe take aikinta ba wanda ya ji. Takardu sun taru a ƙasa. Manaja ta kwashe ta fara karantawa.

"Takalmin birki na gaba, layi na shida, kanta ta biyu. Fulogi, layi na tara. Fambel. Madubin gefe. Salansa." Ta ɗago. "Duk daidai ne."

"Na gaba," in ji Baba.

Wani ya matso a ɗarare ya ce boris yake so. Baba ya buga a gaban allon da yake a mace, ƙara ɗaya, takarda ta fito. Manaja ta yage ta da hannunta ta miƙa wa Ƙato. Ya dawo da boris.

Mijina ya lallaɓa zai mayar da wayar bango.

"Ka taɓa wayar nan," in ji Manaja a hankali, "sai na sa an ɗaura maka hon ɗaya a kowane kunne."

Aka zaro Dogo daga tayoyi, aka mayar da hon layi na ɗaya, aka raba takardu. Kafin sha biyun rana babu mutum ko ɗaya a layi. Mai furfura da zai fita ya tsaya ya ce, "Tsoho, hannunka na nan." Manaja ta daɗe tsaye tana kallon yatsun Baba. Daga baya ta ce, "Baba, kujerarka taka ce. Talabijin kuma za ta koma gidanmu, yara su kalli wasa."

Mijina ya juya ga Tela da Mai Aski, ya nuna mataccen allon. "Kun ga wannan baƙin? Shi nake nema tun ranar Alhamis. Baƙi na asali ke nan, ba gauraye."

"Har na fi son sa a kan koren," in ji Mai Aski. "Ba ya sa jiri."

Da aka tashi aiki muka taho tare, ni da Baba a gaba, Injiniya a baya yana tura babur yana ba Tela labarin yadda ya tsara komai tun farko. Na ɗauko takarda ɗaya daga cikin na shagon a jakata. Da muka zo inda ba mutane na miƙa wa Baba.

"Baba, karanta min wannan, ban gane lambar ba."

Ya karɓa, ya kai ta kusa da fuska, ya nisanta ta. A juye ya riƙe ta, ƙasa a sama. Ya daɗe, sannan ya ninke ta ya mayar min.

"Tun yaushe, Baba?"

"Shekara uku ke nan ganina yana raguwa. Hanya ina gani, mutane ina gane su. Rubutu ne ya gudu." Ya yi 'yar dariya. "Tsohuwar ba ta taɓa tona min asiri ba, don ba ta buƙatar a kalle ta. Wannan kuwa, wai in bi wata 'yar kibiya da maus. Uwata, kibiyar nan ko sau ɗaya ban taɓa ganinta ba."

"Shi ne ba ka faɗa ba? Ka bar mu muna ta faman kore?"

"In ce wa Manaja ba na gani? Ko in ce wa surukina? Na ga yana jin daɗin aikinsa."

Haushi da tausayi suka haɗu suka kama ni. Tun ranar Alhamis muke tambayar mutum wane kore ya fi, ba wanda ya tambaye shi ko yana ganin koren, har ni da nake 'yarsa. Na riƙe hannunsa, abin da rabona da yi tun ina ƙarama. Na ce gobe da sassafe za mu je asibitin ido, kuma ni zan yi wa Manaja bayani da bakina.

Ashe babur ya matso kusa.

"Ido?" in ji mijina, ya kafe babur yana naɗe hannun kwat. "Baba, ai da ka yi magana! Akwai wata 'yar fitila da nake duba cikin waya da ita. Tsaya nan in gani, aikin minti bi..."

Baba ya saki hannuna, ya rufe idanunsa da tafukansa biyu, ya ja da baya har ya jingina da bango.

"Injiniya, don girman Allah," ya ce. "Allon na mutane ne, na bar maka. Waɗannan kuwa su ke nan gare ni."